Siket Ɗin da Babanku Ya Sa a Talabijin

Dauda, Alheri, Markus, sau uku ina fara wannan babi ina yage takardar. Labarin ƙauyenmu bai ba ni wahala ba, haka na zuwana Kaduna da aurena da babanku, amma da na iso shekarar siket sai hannu ya yi nauyi. Yanzu idona ba ya ganin kafar allura, gwiwa kuma ta ƙi keken ɗinki, ba ni da sauran aikin da zan fake da shi. Duk unguwar Nasarawa an san Yohanna Dogo da abu ɗaya, ƙaton mutumin nan da yake sa siket ɗin rawar bale a wasan barkwanci na talabijin. Ku kuma abin da kuka sani shi ne ya mai da 'yarsa abin dariya a gaban duniya, shi ya sa Alheri ta yi kusan shekara ashirin ba ta zauna tabarma ɗaya da shi ba. Wannan nake so in gyara kafin a kai ni kusa da shi. Ba shi ya ƙulla abin ba, ni ce. Alheri, da ke nake magana, 'yan'uwanki shaidu ne kawai.

Sai kun tuna yadda gidan yake bayan an rufe masaƙa. Babanku ya yi shekara goma sha biyar a Kakuri yana kula da injin rini, shi ne kuma mai ba kowa dariya a wurin. Idan ya kwaikwayi tafiyar manaja, manajan da kansa sai ya juya baya ya yi murmushi. Ranar da aka sa kwaɗo a ƙofar masaƙa ya dawo gida, ya ja kujera ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ya zauna. Zaman nan ya kai shekara biyu. Bai sha giya ba, bai zagi kowa ba, da ma ya yi, da na san da wa nake faɗa. Sai dai ya ɗora rediyo a cinya, wani lokaci ko batir babu a ciki. Ku yara ne, kuna ganin hutawa yake yi. Ni da nake kai masa tuwo in ɗauke da rabi, na san mutumin ƙarewa yake yi a zaune. Abin da ya tashe shi wani tsohon abokin aikinsa ne, da ya haɗa shi da Malam Sabo, mai shirya wasan barkwanci a gidan talabijin da ke hayin kogi. Aka ba shi fitowa a matsayin maigadi, magana biyu ko uku a sati: ya buɗe ƙofa, a daka masa tsawa, ya rufe. Ba wani abin kirki ake ba shi ba, amma ya koma aske gemu, ya koma tsokanata da safe. Ba uzuri nake kawowa ba, jera abin nake yi yadda ya zo.

A shekarar ce Anti Ladi ta buɗe ajin rawa a zauren wani coci a Barnawa. 'Yar Filato ce, siririya, ta koyo rawar bale a Legas, irin rawar nan ta Turawa da ake tsayawa a kan yatsun ƙafa ana juyi. Matan zumuntar coci sun yi ta gunaguni, wai me ya yi zafi yarinya ta ɗaga ƙafa ta wuce kanta. Ke kuwa Alheri, kina shekara goma sha ɗaya, sau ɗaya kika bi ƙawarki kallo, kika dawo kina tafiya a kan yatsu daga ɗaki zuwa rijiya. Babanki ne ya tsaya miki. Shi ya zagaye 'yan gwanjo har ya samo takalmin, shi yake kai ki a keke kowace Asabar. Ni abin bai shafe ni ba sai ranar da Anti Ladi ta shigo shagona da hoto a hannu, tana neman telar da za ta ɗinka wa yara takwas kayan wasan ranar iyaye. Riga ce mai kama jiki, da siket na yadin net ninki-ninki, wanda yake tsayawa a ƙugu a baje kamar faifai. Ban taɓa ɗinka irinsa ba, amma ban taɓa ce wa mai kawo aiki ban iya ba. Ta auna yaran da kanta, ta rubuta a takarda, ta kuma tsaya a bakin ƙofa tana nanatawa.

"Mama, daidai awon nan. Kada ki ƙara ko rabin inci. Wannan ba kayan Kirsimeti ba ne, idan ya yi sako-sako yarinya ba za ta iya juyi ba."

Na ce, "Anti, ina ɗinki tun kina goye."

Yara bakwai na yi musu daidai, don iyayensu ne suka sayi yadin. Da na zo kan naki sai hannuna ya yi abin da ya saba. A gidanmu ba a taɓa yanka wa yaro kaya daidai jikinsa ba. Rigar da uwata ta ɗinka mini ina 'yar shekara tara, sai da na zama budurwa na cika ta. Kowace uwa a layinmu idan ta kawo yadi maganarta ɗaya ce, a bar wa yaro wurin girma. Na dubi net ɗin nan mai tsada, na dube ki, na ce yarinyar nan kafin Ista ta fi ƙarfinsa. Na ƙara yatsa huɗu a ƙugu. Ranar wasa na kama rarar da fin ta ciki, na ce miki kada ki gaya wa Anti, kika ce to.

Zauren ya cika ranar. Babanki ya sa babbar rigarsa, ya kuma gayyato Malam Sabo, yana fatan ko zai ga rawar ya kawo kyamara wata rana. Ke ce a gaba, an ɗaura miki wani ɗan kambin furen takarda da Anti Ladi ta yi miki da hannunta. Ban san komai a kan bale ba, amma na san abu mai kyau idan na gan shi, kuma na gani. Kika yi juyi na farko, kika yi na biyu. A na uku fin ya ɓalle. Siket ya zame a hankali har gwiwa, kika cafke shi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana sama, kika ci gaba da juyawa kina ja yana zamewa, don Anti ta koya muku kome ya faru ba a tsayawa. Mutane sun yi ƙoƙarin haɗiye dariyar, wani yaro a baya ya fashe, sai zauren ya ɗauka. Malam Sabo har da riƙe ciki. Kika gama, kika rusuna, kika fita ba ki dubi kowa ba. Anti Ladi ta ɗaga siket ɗin a bayan labule, ta ga fin, ta ga rarar, ta dube ni. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Wannan kuskure na farko kin yafe mini shi tun a ranar. Kin yi kuka a hanya, babanki ya saya miki rake, da muka iso gida kika ce, "Mama, gobe ki rage mini." Na rage. Asabar ta gaba kika koma aji. Da abin ya tsaya a nan, da yau labarin dariya ne da za mu riƙa ba jikoki.

Bayan sati biyu babanku ya dawo daga hayin kogi da wuri. Bai shiga ɗaki ba, ya ja kujerar nan zuwa ƙarƙashin mangwaro. Sai da na matsa masa ya gaya mini cewa wasan ya daina jan mutane, za a rage 'yan wasa, maigadi na cikin waɗanda za a sallama. Malam Sabo ya ce akwai hanya ɗaya: ƙaton mutum mai tumbi da ya nace sai ya koyi rawar bale, siket yana zame masa yana cafkewa.

"Me ka ce masa?"

"Na ce masa 'yata ce. Ya nemi wani."

Kwana uku yana zaune. A rana ta huɗu Malam Sabo ya faka babur a ƙofar shagona. Mutum ne mai daɗin baki, ba mugu ba ne, shi dai duk abin da ya gani a duniya tambayarsa ɗaya ce, ko zai ba mutane dariya.

"Madam, mijinki yana wasa da arzikinsa. Wallahi na daɗe ban ga abin da ya kama ni kamar ranar nan ba. Dogo kaɗai ne zai iya, jikinsa ne ya dace. Ba za mu ambaci yarinya ba, wa zai sani?"

"Rabin Barnawa suna zauren, Malam."

"To, su yi dariya su manta. Yara ba sa riƙo. Ke dai ki ɗinka, idan ya ga kayan a gabansa zai sauko."

Na ce zan yi tunani, amma kafin ƙarar babur ɗinsa ta ɓace na riga na gama tunanin. Na je kasuwa na sayo net ruwan hoda yadi goma sha biyu. Na ɗauki awon ƙugun babanku daga wandon cocinsa. Kwana uku ina ɗinki da ƙofar shago a saye, ina tattarawa kafin a taso daga makaranta. Zan faɗi gaskiya, ɗinkin ya yi kyau, ya fi na yaran takwas, don a lokacin hannuna ya gane net. Na sa roba mai sako-sako da gangan yadda zai zame idan aka yi juyi. Sannan na yi abin da har yau idan na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Na ga kayan bai cika ba sai da abin kai, na shiga ɗaki, na buɗe akwatinki, na ɗauko kambin furen takardar da kika naɗe a cikin ɗankwali. Na ce a raina zan mayar kafin ki lura.

Na kai wa babanku kayan a ƙarƙashin mangwaro, kuna makaranta. Ya daɗe yana kallon jakar.

"Maman Dauda, me kika yi haka?"

"Abin da ya kamata ka yi da kanka. Ni ba zan sake shekara biyu ina kai wa kujera tuwo ba."

"Yarinyar nan za ta gane."

"Yarinya ce, za ta yi fushi kwana biyu ta huce. Kai idan ka koma zaman nan ba za ka sake tashi ba, ni na sani, kai ma ka sani."

Ban tsaya nan ba. Na san inda yake masa ciwo, na kuma taɓa wurin. Na ce maza suna fita nema, shi yana zaɓen aiki kamar ɗan sarauta. Na ce na gaji da zama mijin gida da matar gida. Bakina a lokacin ba shi da linzami, kun san shi. Ya tashi ya ɗaure jakar a bayan keke, ya tafi ba sallama. Kambin yana can ƙasan jakar, bai gan shi ba sai da mai kwalliya ta ɗora masa a kai a gaban kyamara.

An nuna wasan ranar Lahadi da yamma. An kawo wuta ranar, abin da ba a cika yi ba, na so a ɗauke ba a ɗauke ba. Maƙwabta sun cika tsakar gida kamar kullum, don akwatin talabijin ɗinmu ne babba a layin. Kina zaune a tabarma kina tsince shinkafa. Babanki bai fito ba, ya ce kansa na ciwo. Sai ga shi a akwati, ƙato, gashin ƙafa a waje, net ruwan hoda a baje a ƙugu. Tsakar gida ta kaure da dariya. Ke ma kin fara murmushi, na gani. Ya yi juyi na farko, ya yi na biyu, a na uku siket ya zame, ya cafke da hannu ɗaya, ɗayan yana sama. Babanku bai iya yin abu rabi-rabi a gaban kyamara ba, ko da zuciyarsa ba ta so. Yadda kika karkata kai ranar, yadda kika cije leɓe, duk ya kawo su, don babu wanda ya kalle ki ranar kamar shi. Wata maƙwabciya ta ce, "Lah, wannan ai Alheri ce." Kyamara ta matso kusa da fuskarsa, kambin ya fito sosai. Kika ajiye tiren shinkafa a hankali, kika shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin akwatinki. Sannan na ji muryarki a ƙofar ɗakinsa, ba da ƙarfi ba.

"Baba, har akwatina ka buɗe?"

Ina tsaye a bayanki, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Ya ɗago ya dube ni ta saman kanki, ya mai da ido gare ki.

"Ni ne, Alheri. Ki yi haƙuri."

Washegari yaran makaranta suka sa miki suna 'yar Dogo Mai Siket. Duk inda kika bi sai wani ya riƙe ƙugu ya yi juyi. Asabar ta zo, babanki ya fito da keke, kika ce ba za ki ba. Anti Ladi ta zo gida har sau biyu, ta ce a duk yaran da ta koyar ba ta ga mai ƙafa irin taki ba, kika gaishe ta da ladabi kika koma ɗaki. Takalmin nan na gwanjo kika ba wata yarinya a coci. Na yi ta jiran kwana biyun da na ce za ki huce. Da kika gama firamare ke da kanki kika roƙi makarantar kwana, daga can sai karatun jinya, sai aiki a Jos, sai aure. Kina gaishe shi, ba ki taɓa yi masa rashin kunya ba, amma gaisuwa ce irin ta maƙwabcin da ba a saba da shi ba. Idan kika kira waya ya ɗauka, sai ki ce, "Ina wuni Baba, Mama na kusa?"

Shi kuwa wasan ya karɓe shi. Shekara shida yana sa siket, har sai da gidan talabijin ya daina shirin. 'Yan acaɓa suna tsayawa su ɗauke shi kyauta, a asibiti a sa shi gaban layi. Ni ma na ci moriyar abin, kada in ɓoye. Da aka ji matar Dogo ce ta ɗinka, sai mata suka fara kawo net. Siket mai bajewa ya zama yayi a wajenmu, na bikin ranar haihuwar yara, na 'yan matan amarya, har manyan mata suna so a sa musu net a ƙarƙashin atamfa don ta tashi. Daga ƙauyen Rido ma ana zuwa nemana. Keken ɗinki ɗaya ya zama huɗu. Karatunku duka da net aka yi shi, har da naki, Alheri. Na ɗinka wa 'ya'yan mutane ɗaruruwan siket ɗin bale don su tsaya a ɗauke su hoto, wadda ta iya rawar kuma tana gidana ba ta ko son ganin yadin. Na gaji da net tun kafin idona ya gaji.

Sau ɗaya na ce masa zan gaya miki, a shekarar da za ki tafi makarantar kwana. Yana gyaran sarƙar keke, bai ɗago ba.

"Ki bari. Ta riga ta rasa ɗaya, kina so ta rasa biyu? Yarinya mace ce, tana bukatar wadda za ta riƙa gaya wa damuwarta. Kuma ai ni na sa, babu wanda ya ɗaure ni."

Na karɓi maganar da sauri, saurin da ya kamata ya ba ni kunya. Na ce wa kaina biyayya nake yi wa mijina, ni da ban taɓa yi masa biyayya a kan ko gishirin miya ba. Gaskiyar ita ce ina jin daɗin zama wadda kike kira. Ranar aurenki ni kika rungume kina kuka, shi yana gefe yana ba baƙi dariya. Da kika haihu ni kika aiko wa mota. Duk wannan na karɓa, na san kuma rabonsa nake ci.

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Kika zo asibiti daga Jos ranar Laraba da rana, kika duba katinsa, kika yi magana da likita, kika gyara masa ruwan da ake ƙara masa, duk kamar yadda za ki yi wa kowane majinyaci. Dauda da Markus sun fita neman magani, saura mu uku a ɗakin. Ya rame har ba za a ce shi ne mai tumbin nan ba. Kika zauna a bakin gado, abin da ban ga kin yi ba tun kina yarinya, kika daɗe kina kallon hannunsa.

"Baba, abu ɗaya nake so in sani. Wasan na gane, aiki ne, yanzu na san yadda rayuwa take. Amma kambin fa? Kai ka fi kowa sanin yadda nake ji da shi. Me ya sa?"

Ya juyo da kai a kan filo ya dube ni. Ba roƙona yake yi ba, ba kuma hana ni yake yi ba, ya bar mini ne kawai. Na san ba zai kai sati ba, ke ma kin sani. Kalma uku ce, "Ni na ɗauka," kuma da na faɗe su da kin samu kwana uku da babanki, shi ma ya samu kwana uku da 'yarsa. Ina tsaye da filas a hannu.

Na ce, "Bari in je in samo ruwan zafi."

Na fita na zauna a benci a baranda har sai da na ga kin fito da jakarki ta hannu. Ya rasu ranar Asabar da safe, kina hanyar komawa Jos. Filas ɗin nan, Alheri, cike yake da ruwa.